Ganin Lilon Alhaji Sabo

Tun ranar da na dawo daga ƙasar Kurfi ban huta ba. Wadda ta zo aron faifai sai ta tambaye ni, wadda ta zo barka da dawowa sai ta zauna har azahar, ƙawayena da muka yi aikin koyarwa tare kuma suna ta bugo waya daga Dutsin-Ma suna cewa, "Malama Rabi, wai da gaske kin hau lilo?" Ban hau ba. Amma tunda bakina ya gaji da maimaici, bari in zayyana tafiyar sau ɗaya, kowa ta ɗauki abin da ya yi mata.

Garinmu ƙarami ne, a gundumar Dabawa. Ba mu da wani abin nuna wa baƙo sai fili ɗaya a gabas da gari, wanda ƙasarsa ta daɓu kamar tsakar ɗaki saboda tun kakanninmu ake daka a kanta. Da kaka a nan mata ke sussuka da shiƙa. Da rani samari su buga ƙwallo, in biki ya zo a kafa rumfa. Ana nan sai ga wani ɗan kasuwa, Alhaji Sabo, da maganar abin da ya kira haɗin gwiwa: hukuma ta ba da fili da izini, shi ya kawo katanga da lilo da kujeru, ya riƙa gudanarwa, mu kuma mu samu wurin shaƙatawa. Hukuma ta ce in gari ya yarda ita ba ta da ta cewa. Mai gari ya ce gani ya kori ji, tunda Alhaji ya yi irinsa a wani gari bayan Kurfi, a tura mutane su gano. Ba zan faɗi sunan garin ba, ina da surukai a can.

Mu uku aka tura. Akwai Hadi, ƙanin mijina marigayi, shugaban ƙungiyar ci gaban gari, wanda tun kafin a tafi ya riga ya yarda. Akwai Malam Na'ibi, mataimakin liman, dattijon kirki wanda bai taɓa ƙin gayyatar da za a yi yanka ba. Sai ni, domin wai ƙa'idar kamfanin Alhaji ce a ga mace a cikin tawaga.

"Matar Yaya, ke dai ki zo ki cika mamu hoto," in ji Hadi. "Ba a ce ki yi magana ba."

"To, Hadi. Idanun fa, in bar su gida ko in taho da su?"

Ya ce in taho da su in ba su yi mini nauyi ba.

Babur muka hau zuwa Dutsin-Ma, inda motar Alhaji ke jiranmu a tasha. Na zaci motar mai kamfani za ta yi kama da kamfani. Wata tsohuwa ce mai ƙofar da ba ta buɗuwa sai daga waje, direba kuma sai ya haɗa wayoyi biyu a ƙarƙashin sitiyari yana karanta bisimilla kafin ta tashi. Hadi ya shige gaba da babbar riga. Malam Na'ibi ya zauna baya, ya sa buzunsa tsakaninmu ya zama iyaka, ya rufe ido ya kama tasbihi. Da na miƙa masa ƙuli-ƙulin da na yi guzuri, ya ce a'a, yana tanadin cikinsa.

Duk shekarun da na yi ina koya wa yara cewa ƙaramar hukuma kaza ta yi iyaka da kaza, ban taɓa tsayawa na dubi iyakar ba. Igiya ce da ganguna biyu, da wasu 'yan sintiri a gindin bishiyar bedi. Ba na raina su, kowa ya san abin da ya sa suke wurin, kuma Allah ya saka musu. Babbansu ya leƙo ya tambayi inda muka nufa. Hadi ya gyara hula ya ce tawaga ce ta musamman. Mutumin ya dubi motar, ya dubi direba, ya yi dariya.

"Au, baƙin Alhaji Sabo ne. Ku ne na wanga wata ke nan. Ku wuce, Allah shi kiyaye."

Na taɓa Hadi ta baya na ce ya ji? Ya ce iska ce ta hana shi ji, alhali motar a tsaye take.

Muna shiga Kurfi taya ta yi faci. Ranar kasuwa ce, garin ya cika, mai faci kuma yana da layin babura kamar na awon asibiti. Hadi ya je ya gaya masa cewa mu tawaga ne, mai faci ya ce madalla, tawaga ta samu inuwa ta zauna. Na zauna kusa da wata Bafillatana mai fura, ta dama mini. Furarsu ta fi tamu yaji, nononsu kuma ba a yi masa wanka da ruwa kamar na bakin tasharmu ba, wannan kam na ba su. Na tambaye ta ko ta san wurin shaƙatawa na Alhaji Sabo. Ta ce ta san katangar, a da ta tsakiyar wurin suke ratsawa da shanu in za su rafi, yanzu sai sun zagaya ta bayan maƙabarta. Ba da fushi ta faɗa ba, ta ci gaba da wanke ludayi.

Sai bayan azahar muka tashi. Muka bar kwalta muka hau burji, hanyar da ke nufar Barkiya. Dab da garin muka tarar da abin da ya ba mu mamaki: mata jere a gefen hanya da turame da taɓare, an zube zangarniyar gero a kan burjin, suna sussuka. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya watsa musu ƙasa, duk motar da ta zo sai su janye tabarmi su koma. Direbanmu ya yi ta danna hon.

Hadi ya girgiza kai. "Kun gani ko? Rashin wayewa. Abinci bisa hanya. Shi ya sa ake son ci gaba."

Ni ma a raina na ce kowane gari da al'adarsa, amma wannan al'ada ba ta da kai. Na yi wa matan kallon ƙazamai, Allah ya yafe mini.

Katangar ce ta fara tarbarmu, kore da rawaya, doguwa, an dasa fasassun kwalabe a samanta, don kada shaƙatawa ta tsallake ta gudu. Alhaji Sabo na tsaye a bakin ƙofa cikin farar shadda. Mutum ne mai fara'a, ba zan ɓoye ba. Ya rusuna wa Malam Na'ibi, ya rungumi Hadi, ni kuma ya kira ni Hajiya, abin da har yau Allah bai nufe ni da shi ba.

A ciki akwai lilo guda uku, da wani ƙarfe mai gangara da yara ke zamewa a kai, wanda rana ta gasa har za a iya toya ƙwai. Akwai zakin siminti, ko da yake sai da aka gaya mana zaki ne, Malam Na'ibi ya ɗauka tunkiya ce ta kwanta. An sare manyan itatuwan wurin, kututturansu na nan, an kafa rumfar kwano a madadinsu, wadda zama a ƙarƙashinta ya fi tsayuwa a rana zafi. Yara kuwa sun cika wurin, duk cikin kayan makaranta, suna lilo suna dariya. Na yi shekaru a aji, na san dariyar da yaro ke yi don kansa, na san wadda aka ce ya yi. Malaminsu na gefe da tsumagiya a bayansa.

Alhaji ya yi ta bayani. Ba a shiga sai da tikiti. Ba a shiga da abinci, ko ruwa, akwai shago a ciki. Na tambaye shi mai gadin ƙofa ɗan garin ne? Ya yi dariya ya ce a nan ne ya koyi darasi. Da farko ɗan gari ya sa, sai aka wayi gari kowa na shiga kyauta, domin yaron ba zai iya tare kawunsa ba, ba zai iya tare surukinsa ba, abokan wasansa kuma su ƙwace tikitin su yaga. Shi ya sa ya ɗauko wani daga nesa, wanda bai san kowa ba, ba ya jin kunyar kowa.

"Yanzu ana shiga sosai ke nan?" na ce.

"Hajiya, mutanenmu sai a hankali. Ana wayar masu da kai."

Hadi ya harare ni. Na ce zan kama ruwa, aka nuna mini bayan wata zana a ƙarshen katanga. Ban samu makewayi ba, amma na samu raguna, manya-manya, ɗaure a turaku, ga harawa ga dusa, sun ci fiye da rabin filin. Kiwon Sallah ne. Su kam sun shaƙata, ban ga wanda ya nemi tikiti a wurinsu ba. Ina fitowa na tarar ana kora yaran waje a layi, lilo bai ma gama kaɗawa ba. An riga an ɗauki hoto.

Ɗaya daga cikin ragunan nan aka yanka mana. Aka shimfiɗa darduma a rumfar kwano, aka kawo shinkafa da gasasshen nama da lemo mai sanyi. Malam Na'ibi ya buɗe cikin da ya yi wa tanadi tun safe. Ban taɓa ganin dattijo ya yi aiki da haƙora irin na ranar ba. Da ya gama ya ɗaga hannu ya yi wa Alhaji addu'a, ya haɗa da kamfani, ya haɗa da lilo. Ni ma na ci, kada a ce na yi ƙarya, naman ya yi laushi. Amma ina taunawa ina tuna cewa in baki ya ci, ido kan ji kunya.

La'asar ta yi, kuma a hanyar nan ba mai hankalin da zai kama tafiya da yamma, sai aka ce mu kwana. A nan ne Alhaji ya yi kuskuren da duk dabararsa ba ta hango ba. Maza an kai su ɗakin baƙinsa mai fanka da janareto. Ni mace ce, ba za a ajiye ni tare da su ba, shi kuma iyalinsa suna birni. Sai aka rasa yadda za a yi da ni, aka tura ni gidan wata dattijuwa, Iya Tabawa, wadda ake kai wa baƙi mata in an yi biki ko rasuwa. Tawagogin baya duk maza ne, ni ce mace ta farko.

Iya Tabawa doguwa ce siririya, mai maganar da ba ta kwana-kwana. Ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta kawo tuwon gero da miyar kuka tun kafin magariba. Na kai loma ta farko, na ji ƙaras. Na daure na haɗiye. Ta biyu ma haka. A garinmu in baƙo ya ji tsakuwa a tuwonki, kin shiga bakin duniya har jikokinki. Na saci kallonta, na ga ita ma ni take kallo.

"Ci a hankali, ɗiyata. Mu nan mun koyi ci da dasashi."

Na ce ai tuwo ya yi daɗi.

"Kada ki yi mani ƙarya cikin gidana. Tsakuwa ce. Na rege shi har hannuna ya gaji, abin da ya saura ke nan. Ke ba ki gan mu bisa hanya ba da kuna shigowa? Ni ce mai jan kallabi, da direbanku ya kusa take mani turmi."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido. Na tambaye ta me ya kai su sussuka a kan burji.

"Yo ina za mu yi? Hilin da kunka ci nama cikinai, nan ne masussukarmu. Nan uwata ta yi, nan na yi. Aka zo aka ce za a gyara mamu shi, mu riƙa hutawa. Mazanmu sunka tahi wani gari sunka gano, sunka dawo suna santin nama. Ba wanda ya tambaye mu. Da kaka ta zo mun ɗauki turame mun nufi hili, sai ga wani baƙon yaro bakin ƙofa, wai ba a shiga da abinci."

Ta yi dariya, ni ban iya ba. Na ce ba su kai kuka ba? Ta ce sun kai. Hukuma ta ce wurin yana hannun kamfani, kamfani ya ce filin na hukuma ne, shi riƙo yake yi. Gwiwa biyu ce ta haɗu, in ji ta, su kuma suna tsakani. Gonaki sun kewaye garin, ba wani sarari mai tauri da ya rage sai hanya. Bara wata mai ciki ta ja tabarma ba ta yi sauri ba, babur ya buge ta a ƙugu, Allah dai ya kiyaye.

Da safe na bi ta bakin hanya. Na karɓi taɓarya na taya su, don in wanke kallon da na yi musu jiya. Ba a daɗe ba motar itace ta wuce, na ga yadda jar ƙasa ke sauka a kan geron da aka gama shiƙewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin matan garinmu nake gani a wurin, da ni kaina. Da za mu rabu Iya Tabawa ta cika mini ƙwarya da geron, ta ɗaure a tsumma.

"Ba ni da abin ba baƙo sai wanga. Ki kai tsaraba."

A mota na gaya wa Hadi da Malam Na'ibi duk abin da na ji. Hadi ya ce maganar mata ce, kowane ci gaba da 'yar wahalarsa. Sai da muka wuce Kurfi Malam Na'ibi ya ce, "Malama, mutumin nan ya karrama mu. Ba ya kyautuwa mu ci abincinai mu koma muna kushe shi." Na ce wato wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya ce shi dai bai ce haka ba, ya koma ga tasbihinsa. A iyaka 'yan sintiri suka tambaye mu ya nama.

Muna isa gida na ga ikon Allah. An juye tifar yashi a bakin filinmu. Mu da aka tura mu gano ko za a yarda, ba mu ma sauke jaka ba. Hadi ya ce ai Alhaji mutum ne mai himma.

Mai gari ya sa taro washegari bayan azahar a ƙofar gidansa. Na san yadda za a yi. Maza za su zauna a waje, ni a ajiye ni cikin zaure, in an gama a ce Malama ma ta gani, a shafa fatiha. Don haka da safe na aika wa mai gari cewa na zo da tsaraba daga tafiya, ina roƙon a bar ni in yi wa dattawa tuwo. Ba a ƙin tsaraba. Na surfa geron Iya Tabawa, na rege shi yadda nake rege namu, ban ƙara ba ban rage ba. Na yi miyar kuɓewa da man shanu, wadda ban taɓa yin mai daɗinta ba.

Daga cikin zaure ina jin komai. Hadi ya zagaya da waya yana nuna hoton yara a kan lilo. Malam Na'ibi ya ce sun ga alheri, Alhaji mutumin kirki ne, mai girmama baƙo. Sannan aka shigar da akussa. Aka yi bisimilla. Sai surutu ya ɗauke, ba ka jin komai sai ƙaras, ƙaras, kamar awaki sun samu ƙanzo. Ba wanda ya ce uffan, domin dattijo ba ya kushe abinci a bainar jama'a. Na leƙa na ga Malam Na'ibi ya dafe kunci, ido ya yi ja, yana cewa alhamdulillahi. Hadi ya gane, ya ajiye hannu yana kallon ƙofar zaure kamar zai cinye ni.

Mai gari ne ya yi magana. Tsoho ne mai haƙuri, kuma haƙoran da suka rage masa ba su da yawa.

"Malama Rabi, kina ji na?"

"Ina ji, ranka ya daɗe."

"Mun san hannunki a tuwo. Yau lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Geron garin da muka je ne. Yadda nake rege namu haka na rege shi. Su maza an ba su nama, sun faɗi yadda nama yake. Ni wannan aka ba ni, kuma shi mutanen garin ke ci kullum, tunda hilinsu ya zama wurin hutawa suka koma sussuka bisa hanya."

Hadi ya fara cewa ranka ya daɗe ai wannan shiri ne, mai gari ya ɗaga masa hannu. Ya juya ga Malam Na'ibi ya tambaye shi ko ya ga mata a kan hanya. Malam Na'ibi, Allah ya ba shi lada, ba ya ƙarya in an tambaye shi kai tsaye. Ya ce ya gani. Ya so ya ƙara da cewa amma Alhaji ya karrama su, kuncin bai bar shi ba.

Mai gari ya jawo ƙwaryar ruwa ya kurkure baki, ya juya gefe ya zubar, ya wanke hannu a natse. Ya daɗe yana duban akushin da ba wanda ya sake kai wa hannu.

"Hadi," ya ce, "ka buga ma Alhaji waya, ka yi mashi godiya ƙwarai bisa karamci. Ka ce ya aiko a kwashe yashinai daga bakin hili. Wanda muka ci ya ishe mu."